Tarihin Fari da Farashin Alkama, daga Ƙonni zuwa Kasuwannin Duniya

  Maganar yau taka ce, kai manomin Ƙonni, da kai na Malbaza, da ke uwargida ta Illela. In kana riƙe da wannan takarda, karanta a hankali. Inda ka ga lamba, tsaya ka rubuta ta a allonka.

Ka tuna ranar da ka je kasuwa cikin watan Agusta. Hatsi yana tsaye a gona, ko zangarniya ɗaya ba a yanke ba. Amma ka tarar tiya ta ƙara kuɗi. Me ya faru? An yi kwana 15 ba ruwa. Ɗan kasuwa ya dubi sama, ya dubi gonaki, ya yi lissafi a zuci. Ya ce bana hatsi zai yi wuya, sai ya rufe mangaza. Lissafin nan da ya yi shi ake kira ƙiyasi, wato auna abu tun bai zo hannu ba. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Farashi ba ya jiran girbi, ƙiyasi yake bi. Haka abin yake a kasuwar Ƙonni, haka yake a manyan kasuwannin duniya. Wannan shi ne tarihin da za mu bi yau.

Alkama iri biyu

An daɗe ana noman alkama a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna shuka ta a fadama lokacin ɗari, suna ba ta ruwa da jigo. Ba ta da yawa, abincin sarauta ce da na biki: alkaki, taliya, finkaso. Daga baya burodi ya shigo, fanke ya cika bakin hanya. Fulawar da ake yin su da ita, mafi yawanta daga ƙasashen waje take zuwa, cikin jirgin ruwa, sannan cikin mota.

A ƙasashen sanyi alkama iri biyu ce. Akwai wadda ake shukawa kafin hunturu, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, a girbe ta wajen watan Yuni ko Yuli. Akwai kuma alkamar bazara. Ita ana shuka ta watan Afrilu ko Mayu, a girbe ta watan Agusta ko Satumba. Ka ga ke nan tana tafiya kusan tare da hatsinmu na damina. Ana noman ta da yawa a Kanada, da arewacin Amurka, da Rasha, da Kazakistan. Yawancin gonakin nan ruwan sama suke jira, kamar gonarka ta tudu. In ruwa ya ɗauke lokacin da take fid da kai, ƙwaya ba ta cika.

A birnin Shikago na Amurka akwai kasuwar hatsi tun 1848. A Miniyafolis akwai wata tun 1881, ita ce ta shahara da alkamar bazara. A kasuwannin nan ba ka ganin buhu. Alkawari ake saye da sayarwa: zan ba ka alkama kaza, wata kaza, a kan kuɗi kaza. Ka san wanda yake cin bashi da damina don ya biya da dami a kaka. To, kusan haka ne, sai dai nasu a rubuce yake, kuma farashi yana motsi kullum. Hukumar gona ta Amurka tana fid da ƙiyasinta kowane wata. Ranar da ta ce alkama za ta ragu, ranar nan farashi yake tashi.

Kakalaba

Mu koma baya. A daminar 1913 ruwa ya yi gardama a ƙasar Hausa duka, daga Adar har Kano. A 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi suka sa wa suna Kakalaba. A lokacin ba kwalta, ba manyan motoci. Hatsi a kan jaki da raƙumi yake tafiya. Ba wanda ya zagaya ya ƙidaya abin da gonaki suka bayar. Nasara kuwa bai daina karɓar haraji ba. Mutane suka ci tafasa da ƴaƴan anza, wasu suka bar garuruwansu, da yawa suka mutu a hanya.

Bayan wata yunwar ta 1931, Faransawa suka matsa wa talakawa da rumbun tsimi. Kowane mai gida sai ya zuba hatsi, ba ya taɓawa sai da izinin hukuma. Ajiya abu ne mai kyau, amma da yake da tilas aka yi ta, jama'a suka ƙi jininta. Nan mutane da yawa suka koyi ɓoye gaskiyar abin da suka noma. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cinikin 1972

Daga 1968 damina ta fara raguwa a Sahel. A 1972 da 1973 abin ya kai maƙura. Shanu suka faɗi, makiyaya suka gangaro kudu, rumbuna suka zama wayam. Wannan kowa ya ji labarinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a shekarar 1972 ɗin nan fari ya faɗa wa Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin. Sanyi ya kashe alkamar hunturu, zafi da rashin ruwa suka biyo baya.

Magabatan Sobiyet sun san girman asararsu, amma suka yi shiru. Cikin watan Yuli da Agusta suka aika wakilai Amurka. Suka bi manyan kamfanonin hatsi ɗaya bayan ɗaya, suna ciniki a asirce, da farashi mai sauƙi. Kafin a farga sun sayi alkama fiye da tan miliyan 10. Tan ɗaya buhu 10 ne na kilo 100. Wannan ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da Amurka ta noma a shekarar. Manoman Amurka da yawa sun riga sun sayar da tasu da araha, don ba su da labari.

Da labari ya fito, kasuwa ta tashi. Zuwa farkon 1974 farashin alkama a duniya ya ninka har sau uku. Masara da dawa da shinkafa suka bi sahu. Ajiyar hatsi ta duniya ta yi ƙasa. Taimakon cimaka da manyan ƙasashe suke bayarwa ya ragu ƙwarai, don wanda zai sayar da tsada ba ya saurin yin kyauta. Ka lura da lokacin: daidai sa'ad da Nijar take cikin tsananin bukata. Taimako ya zo, tsofaffi suna tuna jar dawar Amurka. Amma ya zo a makare, kuma rabonsa ya jawo ƙorafi. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau mulki. Maganar yunwa tana cikin manyan dalilan da suka bayar.

Wannan masifa ta koya wa duniya darajar ƙiyasi. A 1973 Amurka ta kafa doka: duk kamfanin da ya yi babban cinikin hatsi da waje, sai ya sanar da hukuma. Daga 1974 ta fara gwada auna gonakin alkama daga sama da tauraron ɗan adam, har da gonakin Sobiyet. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu a 1973. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, don bin sawun ruwan sama da halin shuka. A watan Nuwamba 1974 aka yi babban taron cimaka na duniya a birnin Roma. Daga taron nan aka haifi asusun FIDA a 1977. Riƙe wannan suna, za ka sake gamuwa da shi a Illela.

Ruwan Majiya

Bayan yunwar, hukuma ta ce ba za a dogara da ruwan sama kaɗai ba. Gulbin Majiya yana kawo ruwa da damina, ya wuce, ya bushe. Sai aka tare shi da madatsun ruwa biyu, waɗanda muke kira baraji: na Mozage da na Zango. Daga can ruwa yake bin babbar hanya zuwa tafkin Cerasa, sannan a raba shi cikin gonaki. An yi aikin kashi biyu, tsakanin 1976 da 1982. Filin ya kai wajen hekta 2,400. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. A 1978 aka kafa ma'aikatar ONAHA don kula da irin waɗannan filaye tare da ƙungiyoyin manoma.

A filin Ƙonni, da damina aka riƙa shuka dawa da hatsi da auduga. Da rani kuma alkama da albasa da kayan lambu. Alkamar Ƙonni dangin alkamar bazara ce, sai dai mu ɗari take so. Ana shuka ta wajen Nuwamba ko Disamba, a girbe ta wajen Maris. In an makara da shuka, zafin bazara ya riske ta tana ɗaukar ƙwaya, sai ta ƙanƙance.

To, a nan ma ƙiyasi ne shugaba. In damina ta ƙare, ana duba ruwan da ya taru a baraji. Yawan ruwan shi yake faɗin yawan filin da za a noma da rani. In Majiya ba ta kawo ruwa sosai ba, sai a rage fili. Ka ga ke nan farin watan Agusta yana cin alkamar watan Maris, tun ba a shuka ta ba. Da shekaru suka yi nisa, laka da yashi suka riƙa cika barajin, ruwan ajiya ya ragu, filin noman rani ya ragu da shi. Bisa yarjejeniyar da Nijar da Amurka suka sa wa hannu a 2016, an yi aikin gyaran hanyoyin ruwan filin.

Manomin alkama na Ƙonni yana da wani abokin takara da bai taɓa gani ba, wato fulawar waje. In alkama ta yi araha a duniya, tasa ba ta da daraja. In ta yi tsada can, tasa ta samu kasuwa. Albasa ba ta da wannan matsala sosai. Albasar Galmi, a gundumar Malbaza ta yau, ita ce take fita waje, har Gana da Abijan.

El-Buhari

Daminar 1984 ta fi ta 1973 muni a wurare da yawa. A watan Yuni 1985 kogin Kwara ya tsaya da gudu a Yamai. Wannan karon alkama ba ta yi tsada a duniya ba, manyan ƙasashe suna da ajiya. Amma wata ƙofa ta rufe. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Ka san Illela biyu ce: akwai tamu ta jihar Tawa, akwai ta Nijeriya da ke kallon Ƙonni a kan hanyar Sakkwato. Ta wannan ƙofa hatsin kudu yake shigowa in namu ya gaza, ta nan ƴan cin rani suke fita. Da aka rufe ta, tiya ta yi tsada, aikin cin rani ya yi wuya. Shi ya sa jama'a suka sa wa yunwar suna El-Buhari.

Shugaba Kunce ya yi kira a koma noman rani duk inda ruwa yake. Aka haƙa rijiyoyi a fadamu, aka raba iri. A 1985 Amurka ta kafa tsarin FEWS na hango yunwa tun daga nesa. A 1989 Nijar ta kafa nata tsarin gargaɗin gaggawa, aka kuma fara tattara farashin hatsi daga kasuwanni, ana faɗa a rediyo. Da, ɗan kasuwa mai mota shi kaɗai ya san farashin Maraɗi da na Tawa. Daga lokacin, mai ƙaramar rediyo ma ya sani.

A 1988 abin ya juya. Mu nan damina ta yi albarka, rumbuna suka cika. Can kuwa fari ya faɗa wa arewacin Amurka da Kanada. Alkamar bazara ta Amurka ta ragu da fiye da rabi. Hatsi ya yi araha a Ƙonni, alkama ta yi tsada a Miniyafolis, duk a shekara ɗaya. Wanda tuwonsa na gonarsa ne bai ji komai ba.

Tassa a Illela

Asusun FIDA da muka ambata ya kawo wani aikin gyaran ƙasa a gundumar Illela. A 1989 aikin ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake raya faƙo: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki a ciki. In ruwa ya sauka, ramin ya riƙe shi. Da suka dawo, wasu suka gwada, da sunan tassa. A 1990 damina ta yi gardama. Gonakin da ba tassa suka ƙone, masu tassa suka samu abin kai wa rumbu. Maƙwabta suka gani da idonsu. Cikin ƴan shekaru tassa ta bazu a Badagishiri da kewaye, har faƙon da aka yar ya zama abin saye da sayarwa. Aikin yana da wuya, amma yana rage tsoron kwana 15 ba ruwa.

2005 da 2021

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango kuma suka sauka a arewa. Ƙiyasin hukuma ya ce giɓin hatsi wajen tan 223,000 ne. Giɓi ne, amma bai kai na 1984 ba. Mutane da yawa suka zaci za a cike shi da hatsin maƙwabta kamar kullum. Sai dai a shekarar hatsi ya yi tsada a Nijeriya ma, wasu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Zuwa Yuli 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30, wato sefa 30,000, a kasuwanni da yawa. Farashin dabbobi ya faɗi. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Jihar Tawa da ta Maraɗi suka sha wuya, musamman ƙananan yara. A farkon shekarar kuma an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari, jama'a suka yi zanga-zanga a watan Maris, daga baya aka janye shi daga fulawa da madara. Darasin 2005 shi ne, ƙidayar dami kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da kallon farashi.

A 2021 fari ya sake faɗa wa alkamar bazara a Amurka da Kanada. Kowane mako hukuma tana faɗin halin gonaki. A ƙarshen Yuli, wajen kashi 10 cikin 100 kaɗai aka ce suna da kyau. Farashi ya tashi tun injin girbi bai shiga gona ba. Da aka gama girbi, alkamar bazara ta Amurka ta ragu da fiye da kashi 40 cikin 100. A shekarar nan daminarmu ma ba ta yi kyau ba. Sannan a Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, manyan masu sayar da alkama. Buhun fulawa ya ƙara kuɗi, mai fanke ta rage girman fankenta. A Agusta 2023 aka sake rufe iyakar Ƙonni da Illela ta Nijeriya, har Maris 2024. Tsofaffi suka tuna El-Buhari.

Naka ƙiyasin

Ka ga yadda tarihin ya tafi. A 1972 wanda ya san ƙiyasi ya saya da araha, wanda bai sani ba ya sayar da araha. Kai ba ka da tauraron ɗan adam, amma yanzu kana da alƙalami. Ga yadda za ka yi.

Da kaka, ƙidaya dammanka, ka rubuta. Ɗauki dami 3, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuke, a auna da tiya. Nan za ka san abin da dami ɗaya yake bayarwa a gonarka. Malaman lissafin cimaka sun daɗe suna sa wa mutumin karkara kilo 250 na hatsi a shekara. Tiya ɗaya wajen kilo 2 da rabi ce, wato mutum ɗaya tiya 100. Misali, gida mai mutum 8 yana bukatar tiya 800, buhu 20 ke nan. In daminka yana ba da tiya 5, kana bukatar dami 160. In 120 ka samu, abincinka na wata 9 ne. Saura wata 3, kuma su ne watannin da hatsi ya fi tsada.

Wanda ya san haka tun Oktoba yana da dabara. Ba ya sayar da hatsi don biki. Yana cike giɓinsa da kaka, lokacin araha. Yana neman fili a fadama, ko ya shiga bankin cimaka na garinsu. Ke uwargida, ke kika san yawan tiyar da ake dakawa kullum, a yi lissafin nan tare da ke.

In malamin gona ya zo auna amfanin gonarka, faɗa masa gaskiya. Zamanin rumbun tilas ya wuce. In gari ya ɓoye rashinsa don kunya, taimako zai wuce shi. In ya ƙara wa rashinsa gishiri, ya ci rabon wani garin da ya fi shi bukata. Ƙiyasin ƙasa duka daga bakin manoma yake farawa.

Ga aikin wannan mako. Ka je wurin wani tsoho a garinku, ka tambaye shi nawa aka sayar da tiya a shekarar El-Buhari, da abin da suka ci har damina ta zagayo. Rubuta amsarsa da hannunka. Sannan ka rubuta farashin tiya na ranar kasuwarku, kowane mako, har wata 3. Ka kawo takardar aji, ku karanta tare da malaminku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da fara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.